Rufin Ɗakin Inna

Roni,
8 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin can? An yi sallah lafiya? Mu nan duk lafiya lau, sai gwiwar Inna da ta matsa mata tun cikin azumi, yanzu a zaune take sallah. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko a wannan dajin naku na masu haƙar zinare akwai mai dafa maka abin kirki. Tunda ka ce ko kan dutse ka hau waya ba ta kamawa, ga ni na koma biro da takarda. Daudu direba zai taso daga Babura jibi, shi zan ba.

Sai maganar gini. Ɗakin Inna ya kai linta, an ɗaure rodi, saura zuba rufin kankare, wato dekin ɗin da ka dage a yi maimakon kwano don ka ɗora bene nan gaba. Amma Yaya, tagar ɗakin a karkace take. Ba sai an ja igiya ba, daga bakin hanya ake ganinta kamar mai hararar maƙwabta. Na nuna wa Halliru, ya tsaya ya karkata kai, ya ce ai idona ne a karkace, filasta za ta gyara. Na ce filasta ba ta miƙar da ƙarfe. Sai ya yi dariya a gaban leburori ya ce, "Malama, ki tsaya a kan allinki. In Nafi'u ya iya gini, ya ajiye sifana ya zo ya yi da kansa, ba ya zauna a rami yana aiko mana da oda ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Na san ɗan Kawu Maikasuwa ne, na san kai ka ce a ba shi aikin don na gida ne, amma zumunci bai ce a yi mana aikin ganin dama ba. Yanzu kuma ya kafe ba zai zuba dekin ba sai an ba shi cikon kuɗinsa gaba ɗaya, alhali maganarku sai an gama. Ban ba shi ko sisi ba, ina jiran ta bakinka.

Damina ce ke damuna. Ka san halin tsohon ɗakin Inna na ƙasa. Bara sai da muka jera kwanuka muna tarar yoyo, bangon gabas kuma ya yi ciki. Ba na so ruwan bana ya same ta a cikinsa. Ka yi saurin ba ni amsa.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Roni,
21 ga Afrilu

Yaya Nafi'u,

Sallama da gaisuwa. Inna na gaishe ka, gwiwar da sauƙi. Daudu bai dawo ba, don haka ban ji daga gare ka ba. Wannan zan ba wani mai kai albasa Agadas, ya ce zai ajiye maka a shagon da kake sayen kayan inji.

Albishirinka, an zuba dekin. Kawu ne ya kira mu ni da Halliru ya zaunar da mu. Da na maimaita maganar ramin, Halliru ya riƙe baki ya ce, "Haba Bahijja, yau wasan taubasai ne ba ki gane ba? Ni da Nafi'u abin da muke gaya wa juna ai ya fi wannan." Na ji kunya, don gaskiya ya faɗa, tun kuna yara haka kuke. Aka yi sulhu, na ba shi wani abu daga cikin cikon, shi kuma ya yarda zai fasa gefen tagar ya miƙar da ita lokacin filasta.

Shekaranjiya Asabar aka yi aikin. Leburori a jere da kwanon sarki tun safe har la'asar, Inna ta sa aka dama musu fura. Yanzu in ka leƙa ɗakin ba wurin sa ƙafa, sanduna ne tsaye ko'ina sun tokare katakon da ke riƙe da kankaren. Duk na Halliru ne, da su yake yawon aiki. Da za su tashi ya kira ni gefe, fuskarsa ba dariya, ya ce, "Wannan ba wasa ba ne. Kada kowa ya taɓa sandar nan sai ya yi sati uku, in da hali wata guda. Ta sama za ki gan shi kamar dutse, amma cikinsa ɗanye ne. Ki riƙa ba shi ruwa safe da yamma." Ina yi, 'yan garuwa har sun san ni.

Jiya Inna ta sa aka kai mata kujera ƙofar ɗakin, ta daɗe tana kallon sama tana sa maka albarka. Don Allah ka yi watsi da zafin waccan wasiƙar, ka san ni da saurin hawa.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Arewa da Agadas,
17 ga Afrilu

Zuwa ga Bahijja,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai zafi. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina cin abinci. Ki samo mata man zafi na gwiwa a Kazaure.

Takardarki ta takwas ga wata ta same ni ina ƙarƙashin inji. Na karanta na sake karantawa, ranar ko abinci ban iya ci ba. Ni Halliru zai ce wa mazaunin rami a gaban leburori? Ramin nan shi ne siminti, shi ne rodi, shi ne abin da yake sawa a aljihu. Ruwan da muke sha a nan ko akuyar Inna ba za ta sha ba, ina haƙuri ne don tsohuwar nan ta kwana a ɗakin da ba ya yoyo. Shi kuma ya karkata mata taga, ya raina ki, sannan ya riƙe aikin yana neman ciko. Ya isa.

Tunda bai zuba dekin ba, Allah ya taimake mu. Ki nemo wani magini daga Kazaure ya zuba. Shi kuwa, na rantse da Allah, daga ranar da takardar nan ta shiga hannunki, ko sanda ɗaya, ko katako, ko kwanon sarki na Halliru ba zai ƙara kwana a filina ba. Ya kwashe kayansa kaf. Kuɗinsa in na dawo ma yi lissafi, a cire na gyaran taga.

Ki karanta wannan a gaban Inna da Kawu, don kada a ce ke kika ƙirƙira.

Yayanki,
Nafi'u

*

Roni,
28 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Inna lafiya, ni ce dai ban samu barcin kirki ba tun ranar Juma'a.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ka rubuta taka kana zaton ba a zuba dekin ba, alhali an zuba, an yi sulhu, na kuma aiko maka da bayani ta hannun mai albasa. Ban sani ba ko ta iso.

Daudu ya kawo taka bayan sallar Juma'a, Kawu na zaune wurin Inna. Ka san Inna in ta ji takardarka ce ba ta haƙuri, ta ce in buɗe in karanta. Ni kuma ban duba ba na fara. Da na zo kan rantsuwar na tsaya. Kawu ya ce, "Ci gaba, 'yata." Na ƙarasa. Ya sa takalminsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Na ce wa Inna wannan maganar tsohuwa ce, ka yi ta ne ba ka san halin da ake ciki ba, a bar sandunan su cika lokacinsu, in ya so ka yi kaffara. Ta ce, "Ɗana ya kama sunan Allah. Yana can bai ma san an karya masa ba, wa zai gaya masa ya yi kaffarar? Ya yi ta yawo da ita a wuya a bakin ramuka? Ba da ni ba." Na yi magiya har na yi kuka, ta juya mini baya.

Kafin magariba sai ga Halliru da a-kori-kura. Na tare shi a ƙofa na ce ya dubi Allah, shi da bakinsa ya ce sati uku, yau ko sati ɗaya bai cika ba. Ya ce, "Ni aka kora, Bahijja, har da rantsuwa. Dama akwai aiki a garin Gwiwa da ke jiran sanduna." Ban yafe masa wannan ba, don ya san abin da mu ba mu sani ba, zuciya ce kawai ta ɗebe shi. Suka shiga suna bugewa suna fitarwa. Da aka buge ta tsakiya, na ji wata 'yar ƙara daga sama, ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Leburorin suka tsaya. Halliru ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni dai na faɗa miki." Suka kwashe sauran suka tafi.

Rufin dai yana tsaye. Amma akwai wani siririn layi kamar zare, ya taso daga kusurwar taga ya nufi tsakiya. Kullum da safe sai na je na dube shi. Tsoro nake ji, Yaya, kuma ban san wa zan gaya wa ba in ba kai ba.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Arewa da Agadas,
15 ga Mayu

Bahijja,

Na samu takardarki, na ji kuna lafiya, alhamdu lillahi. Ni ma lafiya. Ta hannun mai albasa ba ta iso ba, ban ga komai ba.

Ban san an zuba ba, gaskiya ne. Amma ke da kanki kin ce rufin yana tsaye. To me ya rage? Abin da ya tsaya ranar da aka cire masa sanduna ai ƙara ƙarfi zai yi. Maganar sati uku kuwa, na san Halliru fiye da ke. Da ya ga aiki ya kuɓuce masa ne ya ɗaga kai yana kallon sama don ya tsorata ki, ki ruga ki ba shi cikon. Layi kamar zare kowane kankare yana yi, har ginin gwamnati. Kada ki bar tsoro ya sa ki biya kuɗin tagar da ba a gyara ba.

Da na karanta abin da Inna ta ce a kan rantsuwata sai da na yi hawaye. Ki ce mata Allah ya bar mana ita. Har yanzu ina ganinta a daminar da Baba ya rasu, ta ja tabarmarmu gefen da ba ya zuba, ita kuma ta zauna da kwano a cinya tana tarar ruwa. Ranar na ɗauki alkawarin ɗakin nan.

Na ba Daudu sefa, zai canza miki a Babura. A yi filasta, a miƙar da tagar, a yi fenti. Ina so Inna ta tare kafin babbar sallah, kuma ita ce za ta fara kwana a gidan, don albarkarta ta riga kowa shiga. Wannan ki gaya mata daga bakina ne.

Yayanki,
Nafi'u

*

Roni,
17 ga Yuni

Yaya Nafi'u,

Barka da sallah. Ina fatan kana lafiya. Inna lafiyarta ƙalau. Ka karanta wannan a zaune, kuma don Allah ka kai ƙarshe kafin ka yi fushi.

Na yi yadda ka ce. Mai filasta ya zo daga Kazaure, ya miƙar da tagar, ya shafe layin. Na tambaye shi ya ya ga rufin, ya ce shi filasta aka kira shi ya yi. Inna ta tare ana jibi sallah. Mata sun cika gidan ana ta sam barka, ita kuma tana nuna musu sama tana cewa ko ruwan ƙanƙara aka yi ba za ta ji ba. Kawu bai zo ba.

An yi ruwan farko makon jiya. Da aka ɗauke na ari tsani na hau. Yaya, ruwan bai gangara ba, ya taru a tsakiyar rufin ya kwanta kamar a faranti. Tsakiyar ta lotsa. Layin ya dawo ta cikin fenti, yanzu tsinken tsintsiya yana shiga, kuma ya yi 'ya'ya biyu. Ƙofar da take rufuwa salin alin, yanzu sai an sa kafaɗa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na jiya. Na yi sammako kafin in wuce makaranta, na tarar da Inna a durƙushe da wannan gwiwar tata, tana share wani farin gari daga kan darduma tana zubawa a gwangwani. Da ta gan ni ta tura shi ƙarƙashin gado. Na jawo, ya kusa rabi. Ashe kullum yana zubo mata daga rufin, kullum tana sharewa kafin in zo.

Na ce, "Inna, ashe kin sani." Ta ce, "Ni yarinya ce? Ina jin sa yana magana in gari ya yi shiru." Na ce to ta tashi mu koma tsohon ɗaki, ko ta zo gidana. Ta ce, "In fita, garin nan su ce ɗakin da Nafi'u ya yi shekaru yana wahala a kai bai zaunu ba? Su ce ya kori ɗan'uwansa ya gina wa uwarsa kango? Shi ya ce in shiga. In shi ya ce in fita, sai in fita."

Na ce to a samo sanduna a tokare. Ta ce ba za a tokare ɗakin ɗanta kamar tsohuwar rumfa mutane suna gani ba. Duk da haka na sauke girman kaina na je wurin Halliru. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ce sandunansa suna ƙarƙashin rufin wani a Gwiwa, kuma ko suna nan, rantsuwarka tana nan. Sannan ya ce, "Ki fitar da Gwaggo daga ɗakin nan, ko da ɗaukarta za ki yi." Na gwada, Yaya. Ta riƙe ƙarfen gado ta ce in na sake taɓa ta ba ta yafe ba.

Ba taga nake magana ba yanzu, ba kuma ciko ba. Layi ɗaya nake roƙonka, da hannunka, ka ce Inna ta fita. Kullum da yamma hadari yana haɗowa ta gabas. Na roƙi Daudu ya jira amsarka, kada ya juyo sai da ita.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Arewa da Agadas,
29 ga Yuni

Bahijja,

Takardarki ta iso yau, tare da ta hannun mai albasa. Daudu ne ya gan ta a shagon, an sa ta a ƙarƙashin kwalin batir an manta. Na ga ranar da kika rubuta ta. Ashe tun ranar da aka zuba Halliru ya faɗi maganar sati uku, ana zaman lafiya, ba wanda ya kore shi.

Ki karanta wa Inna wannan da ƙarfi.

Inna, ni ne Nafi'u. Ki fita daga ɗakin nan yau, kada ki ƙara kwana a ciki. Ni na ce ki shiga, ni nake cewa ki fita. Rantsuwar na warware ta, zan yi kaffara, zan fara azumin gobe in Allah ya kai mu. Abin da mutane za su ce, su ce a kaina. Ki yafe mini.

Bahijja, ki ba Halliru cikonsa, ki ce ya zo ya duba, in na rushewa ne a rushe. Ki ba Kawu haƙuri kafin in zo in ba shi da kaina. Daudu ya ce ruwa ya ɓata hanya a wasu wurare, amma ya yi mini alkawari ba zai tsaya ko'ina ba.

Nafi'u

*

Kazaure,
11 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ka. Daga asibiti nake rubuto maka. Inna tana da rai, wannan na fara faɗa don ka iya karanta sauran.

Takardarka ta iso ranar Laraba. Rufin ya sauko ranar Litinin.

Tun safe ake ruwa ranar. Bayan la'asar ina gida na ji ƙarar, ban tambayi kowa ba na fita a guje ba mayafi. Tsakiyar ce ta fara zubowa, ta murƙushe gadon. Allah ya sa Inna tana kan darduma ta wajen ƙofa, sai gefe ɗaya ya danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Ƙofar ta ƙi buɗuwa, ta tagar nan da muka yi ta rigima a kanta aka shiga. Halliru na cikin waɗanda suka fara zuwa. Sandunansa sun dawo daga Gwiwa, da su aka ɗaga kankaren aka jawo ta. Yana ɗagawa yana kuka yana kiran Gwaggo. Da muka taho asibiti, an ce ya tsaya ya tattara sandunan kafin magariba, bai bar ko ɗaya a filinka ba, don lokacin ba wanda ya san ka warware.

Ƙugunta ya karye, da ƙafar dama. Likita ya ce a shekarunta kada mu sa rai za ta sake takawa, sai dai wani ikon Allah. Kawu yana zuwa kullum, ya zauna a bakin gadon ƙanwarsa.

Na karanta mata takardarka da ƙarfi kamar yadda ka ce. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake karanta wurin da ka ce ni ne Nafi'u. Sannan ta tambaya ko da gaske azumi kake yi a wannan zafin, ta ce in ce maka ka ciyar kawai. Ban san da wa zan yi fushi ba, Yaya. Da kai, da Halliru, da ita, ko da ni da na fara kai maka ƙarar taga.

Jiya ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari. Ta ce in rubuta maka cewa a tsohon ɗakinta abin ya same ta, wai ta je ɗauko tukunya bangon gabas ya faɗo mata, naka kuwa lafiyarsa ƙalau. Ta ce kada ka ji nauyi a can kai kaɗai. To ga shi na rubuta, na cika mata alkawari.

Amma tsohon ɗakin yana nan tsaye, ko ɓarɓashi bai zubar ba. Na sa an share shi an jera kwanukan yoyo. A cikinsa za mu kwantar da ita in an sallame mu. Ka taho gida.

Ƙanwarka,
Bahijja